Littafin da Aka Ɗinke Bakinsa

Shagona yana gangaren tsohon birnin Tibilisi,
inda warin farar wuta ke tasowa daga gidajen wanka.
Ɗinkin littafi nake yi, shekara talatin da ɗaya.
Ta wannan taga nakan ji ƙararrawar coci,
ta waccan, in iska ta juyo, muryar ladan.

Duk Talata Elguja da Rasim sukan zo,
su zauna bisa akwatin fatu,
su ɗauko gardama daga inda suka jingine ta:
in Mahalicci ya san zaɓinka tun ba ka zaɓa ba,
to zaɓin na wane ne?
Shayi ya huce, ba su huce ba.
Elguja ya karance littafin Rasim don ya kayar da shi,
Rasim ya haddace na Elguja don ya rama,
har ya zamana in ɗaya ya manta hujjarsa
abokin gardamar ne ke tuna masa.
Na taɓa tambaya, wa ya ci?
Suka dube ni kamar na ce wa ya ci tsakanin ƙafa da ƙafa
alhali tafiya ake yi.

Ran nan, ana yayyafi, Otar ya shigo
da wani littafi naɗe cikin gyalen matarsa.
A rufin ɗakin kakansa ya tsince shi.
Rubutun ba namu ba ne, daga dama yake farawa,
ga sunan kakan a gefe, da hannun kakan.
Na ce ga Rasim nan, zai karanta maka.
Ya ce a'a.
Ki ɗinke shi ta kowane gefe, kada ya ƙara buɗuwa.
Na san ko wane ne kakana, in ji shi,
ba na son takarda ta gaya mini wani abu daban.

An ce rashin sani ya fi dare duhu.
Amma dare ba ya zaɓen kansa, kuma gari na wayewa.
Akwai wani duhun da mutum ke saya da kuɗinsa,
ya kawo zare, ya ce a ƙara ɗaurewa.
Mai barci, taɓa shi kaɗan ya farka.
Mai barcin gangan, ko rufin ɗaki ya faɗo
sai ya gyara kwanciya.

Na ɗinke. Sana'ata ce, kuma ya biya.
Allura ta huda shafi ɗari biyu da ban karanta ba.
Wataƙila addu'a ce. Wataƙila lissafin bashin inabi.
Rasim ya kau da kai, yana murza carbinsa.
Elguja ya ce, da ma ya zage mu, da mun sami abin amsawa.

Da dare na rufe shago ina jin na fi Otar.
Sai hannuna ya taɓa aljihun tebur na ƙasa,
inda wasiƙar ɗiyata take tun bara,
wadda ta rubuto tana bayanin dalilin da ya sa
ta daina zuwa inda nake zuwa ran Lahadi.
Ban yaga ta ba. Ban buɗe ta ba.
Kullum sai in ce idona ya gaji.

Wuƙar da nake raba shafuka da ita tana kan tebur,
ƙotarta ta ƙashi ta yi santsi don riƙo.
Na ɗauka, na ajiye.
Na hura fitila, na sake kunnawa.
A waje ruwan ya tsaya,
kogin Kura yana ta maganarsa a ƙarƙashin gada,
ni kuwa ina zaune, wasiƙar a cinyata.